BAYANI: Makantar launi ta gado da yadda ƙwaƙwalwa ke rufa wa ido asiri

A zaɓukan tarayya na baya-bayan nan, hukumar zaɓe ta INEC ta bambanta akwatunan ƙuri'a da launi: ja na shugaban ƙasa, baƙi na sanata, kore na ɗan majalisar wakilai. Ga akasarin masu zaɓe wannan sauƙi ne. Amma da wuya a rasa mutum ɗaya ko biyu a dogon layi, galibi maza, waɗanda ja da kore ke yi musu kama da juna, ko kuma ja mai duhu ya koma musu kusan baƙi. Irin wannan mutum sai ya dogara da rubutu, ko ya tambayi ma'aikacin zaɓe.

Da yawa daga cikinsu ba su ma san suna da wata matsala ba. Suna tuƙi, suna zaɓen atamfa da shadda, suna kiran ganye kore, jini ja, kamar kowa. Wasu sai ranar gwajin lafiya na shiga aikin soja ko tuƙin jirgi ake shaida musu cewa idonsu ya sha bamban da na sauran mutane. Dalilin wannan ɓuya shi ne, ido ne ke karɓar haske, amma ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukuncin launi, kuma tana da dabarun gyara saƙon da ya iso mata da rauni. Sanin ƙarfin waɗannan dabaru da iyakarsu shi ne zai nuna wa ya kamata a hana wani aiki, wa kuma ake zalunta idan aka hana shi.

Mene ne makantar launi?

Sunan yana da ɗan ruɗi. Mafi yawan masu wannan hali ganinsu garau yake, kuma suna ganin launuka, sai dai wasu launukan suna cakuɗe musu. Ba ita ce dundumi ba, wato kasa gani da dare, ba kuma yanar ido ba ce. Wadda ake gada tana shafar ido biyu, ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa tun daga haihuwa har tsufa.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, wanda likitoci ke kira ratina. Ƙwayoyi iri biyu ne ke aiki a cikinsa. Akwai masu siffar sanda, sun haura miliyan 90, su ne ke aiki cikin duhu-duhu, don haka za mu kira su ƙwayoyin dare. Akwai kuma masu siffar mazurari, kimanin miliyan 5, waɗanda ke aiki da rana, su ne ƙwayoyin launi. Waɗannan na biyun kashi uku ne, gwargwadon tsawon zangon hasken da suka fi ji: na gajeren zango sun fi jin haske mai nanomita 420, ɓangaren shuɗi, na matsakaici nanomita 530, ɓangaren kore, na dogo kuwa nanomita 560, kuma su ne suka fi kaiwa ɓangaren ja.

Ƙwaya ɗaya ita kaɗai ba ta san launi ba. Abin da take iya faɗa kawai shi ne ta sami haske da yawa ko kaɗan. Launi yana fitowa ne daga kwatanta bayanan ƙwayoyin uku, tamkar alƙali da ke sauraron shaidu uku kafin ya yanke hukunci. Idan shaidan dogon zango ya ɗaga murya fiye da na matsakaici, hukuncin ya karkata ga ja. Idan na matsakaici ne ya rinjaya, ya karkata ga kore.

Daga nan matsalar ke rabuwa gida uku. Na farko, wanda ya fi yawa, shaidun uku duk suna nan, amma biyu daga cikinsu bakinsu ya kusan zama ɗaya: tazarar nanomita kusan 30 da ke tsakanin ƙwayoyin ja da na kore ta ragu zuwa 12 ko ƙasa da haka, wani lokaci har 2 ko 3. Na biyu, shaida guda babu shi kwata-kwata, mutum yana gani da ƙwayoyi iri biyu. Na uku, wanda ba kasafai ake samu ba, ƙwayoyin launin duka ba sa aiki.

Me ya sa ta fi kama maza?

A 1986 Jeremy Nathans da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera sinadaran karɓar haske. Na ja da na kore suna jere ne gefe da gefe a kan kuromosom X, kuma sun yi kama da juna matuƙa. Wannan kamannin ne ke sa su harɗe lokacin da ake kwafar su daga iyaye zuwa 'ya'ya, ɗaya ta ɓace, ko a sami wadda rabinta ja rabinta kore.

Namiji X ɗaya gare shi, daga uwarsa, don haka idan ta zo da tangarɗa ba shi da madadi. Mace tana da biyu, mai lafiyar sai ta rufe wa ɗayar. Uba ba ya ba ɗansa namiji wannan hali. 'Yarsa yake ba, ita ta ɗauka ba tare da ya bayyana a gare ta ba, sannan kowane ɗa namiji da ta haifa yana da rabin yiwuwar gadonsa. Shi ya sa ake yawan ganin abin ya tsallake daga kaka na wajen uwa zuwa jika.

A tsakanin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kimanin namiji 1 cikin 12 da mace 1 cikin 200 ne ke da makantar ja da kore. A Afirka adadin mazan ya kai kimanin rabin haka ko ƙasa. Ko da hakan, a ajin firamare mai yara maza 50, ana iya tsammanin samun ɗaya ko biyu.

Mutumin da ya bar wasiyyar a yanka idonsa

John Dalton, masanin kimiyyar nan na Ingila da ya shahara kan nazarin ƙwayar zarra, sai da ya kai shekara 26 kafin ya tabbatar ganinsa daban yake. Wata fure ce mai ruwan hoda ta tona asirin: da rana yana ganin ta shuɗiya kamar sararin sama, da dare a hasken kyandir kuma ta koma masa ja. Da ya tambayi abokansa, babu wanda ya ga wannan sauyi sai ɗan'uwansa. A 1794 ya gabatar da bayanin a gaban wata ƙungiyar masana ta birnin Manchester. Har yau da sunansa ake kiran wannan hali a Faransanci, kamar yadda 'yan boko a Nijar da Chadi suka sani.

Dalton ya zaci ruwan cikin idonsa ne ke da launin shuɗi, ya kuma bar wasiyya a duba bayan ransa. Da ya rasu a 1844, likitansa Joseph Ransome ya duba, ya tarar ruwan garau yake. An adana ragowar idon, kuma a 1995 gwajin DNA ya nuna cewa ƙwayar gadon kore ce babu ita a jikinsa. Idan mai lura irin Dalton zai shafe shekara 26 bai gane ba, to lallai akwai abin da ke ɓoye giɓin.

Ƙwaƙwalwa na saita kanta da duniya

Ko a tsakanin masu lafiyar gani, idanu ba iri ɗaya ba ne. A 2005 masu bincike a Jami'ar Rochester suka ɗauki hoton ratinar mutane masu rai, suka ƙirga ƙwayoyin launi. A idon wani, ƙwayoyin ja da na kore kusan daidai suke. A idon wani kuwa, kowace ƙwayar kore ɗaya tana fuskantar na ja kimanin 16. Duk da wannan tazara, idan aka ce wa mutane masu irin wannan bambanci su nuna tsantsar rawaya, wadda ba ta karkata ga ja ko kore ba, kusan wuri ɗaya suke nunawa.

Wani gwaji da Jay Neitz da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 ya nuna yadda hakan ke faruwa. An sa manya masu lafiyar ido su yi sa'o'i da dama kullum suna kallon duniya ta cikin gilashi mai launi. Kwana bayan kwana, abin da suke kira tsantsar rawaya ya riƙa gusawa, kuma bayan an daina sa gilashin sai da aka ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya koma mazauninsa. Ma'ana, ƙwaƙwalwa tana auna matsakaicin launin da ke kewaye da mutum, ta mai da shi ma'auninta.

Duk wanda ya yi jinyar dattijon da aka cire wa yanar ido yana iya shaida makamancin wannan. Yana tana rina gani zuwa rawaya a hankali cikin shekaru, ƙwaƙwalwa kuma tana bi tana gyarawa. Ranar da aka cire ta, sai komai ya yi wa mutum shuɗi-shuɗi. Wani bincike na 2004 a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna cewa ana ɗaukar watanni kafin fari ya sake komawa kusa da yadda yake a da.

Ƙara wa raunanan saƙo murya

Wannan baiwa ce ke yi wa masu makantar launi ta rukunin farko aiki. Idan aka yi lissafi da ƙwayoyin idonsu kaɗai, bambancin ja da kore da ke isa ƙwaƙwalwarsu ɗan ƙaramin kaso ne na abin da ke isa ta sauran mutane, don haka ya kamata a ce duniya ta koɗe musu sosai. Amma a 2014 Alexandra Boehm da Donald MacLeod da Jenny Bosten suka sa irin waɗannan mutane su kimanta yadda launuka suka bambanta da juna, sai aka ga amsoshinsu sun fi kusa da na masu lafiyar ido nesa ba kusa ba fiye da yadda lissafin ya nuna.

A 2021 Katherine Tregillus da Michael Webster na Jami'ar Nevada da wasu abokan aikinsu suka bi sawun abin cikin ƙwaƙwalwa da na'urar MRI. Saƙon ido yana sauka ne da farko a wani sashe da ke ƙeya, wanda ake kira V1, daga nan ya wuce V2 da V3. A V1 an ga martanin ja da kore ya yi rauni kamar yadda aka zata. Amma a V2 da V3 ƙarfinsa ya tashi ya kusan kamo na masu lafiyar ido. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma gyaran ya bambanta daga mutum zuwa mutum, amma sakamakon ya nuna cewa a cikin ƙwaƙwalwa ake ƙara ƙarfin, ba a cikin ido ba.

Wanda ya taɓa laluben tasha a gajeren zangon rediyo zai fahimci iyakar wannan dabara. Idan tashar ta yi nisa, ƙara murya yana sa a ji mai magana da ƙarfi, amma ƙugin da ke tare da shi ma yana ƙaruwa. Kalmar da ƙugi ya riga ya haɗiye ba ta dawowa. Haka nan mai wannan hali zai ga jar hula ja sosai, ya ga korayen ganye kore shar, amma idan launuka biyu suka kusanci juna, ko abin ya yi ƙanƙanta, ko ya yi nisa, ko haske ya yi ƙaranci, sai rauninsa ya fito fili.

Idan shaida guda ba ya nan

Ga rukuni na biyu, irin su Dalton, babu saƙon ja da kore da za a ƙara wa murya. Nan sai koyo ya karɓi aiki. Yaro yana jin ana kiran jini ja, ciyawa kore, sai ya haɗa sunan da abin da shi yake gani: zurfin duhu ko haske, ƙyalli, siffa da muhalli. Nunannen tumatir yakan fi ɗanye duhu a idonsa. A danjar titi ya haddace cewa ja ce a sama, kore a ƙasa, kuma da gangan ake sirka koren danja da shuɗi domin irinsa. Bincike ya kuma nuna cewa idan abu yana da faɗi sosai, ƙwayoyin dare suna ba da ɗan taimako, har mutum ya faɗi sunan launi daidai fiye da yadda ake zato.

Sai dai wannan dabara zato ce mai kyau, ba gani ba. Tana rushewa idan aka cire alamomin: wayoyin lantarki masu kauri ɗaya, ƙananan fitilun na'ura, ko wutar sigina ita kaɗai cikin dare. Waɗanda ƙwayoyin ja ne suka rasa suna da ƙarin haɗari, domin jar wuta tana dushe musu, har su makara wajen hango fitilar birkin motar da ke gabansu.

Akwai kuma inda suka fi sauran mutane. A 1992 Michael Morgan da John Mollon da wani abokin aikinsu suka nuna cewa masu ƙwayoyi iri biyu sun fi saurin gano siffar da aka ɓoye cikin ɗigo-ɗigon ja da kore, saboda launin ba ya ɗauke musu hankali. A 2005 kuma wani gwaji a Jami'ar Cambridge ya gano cewa masu raunin ƙwayar kore suna bambance wasu nau'o'in ruwan kaki waɗanda mai lafiyar ido ke gani iri ɗaya.

Tsibirin da launi ya ƙaurace wa

Rukuni na uku shi ne mai tsanani, kuma yana samun kimanin mutum 1 cikin 30,000 a duniya. Ba a kan kuromosom X yake ba. Sai uwa da uba duka sun ba da ƙwayar gadon, shi ya sa ya fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita. A tsibirin Pingelap da ke tekun Pasifik, wata guguwa ta hallaka akasarin jama'a wajen shekarar 1775, aka bar kimanin mutum 20. Daga zuriyarsu aka sami al'ummar da aƙalla mutum 1 cikin 20 ba ya ganin launi ko kaɗan. Likitan ƙwaƙwalwa Oliver Sacks ya ziyarce su, ya rubuta littafi a kansu.

Waɗannan mutane da ƙwayoyin dare kaɗai suke gani, don haka hasken rana yana kashe musu ido, ganinsu kuma ba shi da kaifi. A tsakiyar ratina akwai wani ɗan gurbi da babu ƙwayoyin dare a cikinsa, wanda ke nufin sashen ƙwaƙwalwar da ke jiran saƙo daga nan ba ya samun komai. Wani bincike na 2002 ya ba da rahoton cewa sashen ya koma karɓar saƙon ƙwayoyin dare na maƙwabta. Amma da aka sake gwadawa da mutane masu yawa a 'yan shekarun nan, an tarar sauyin bai kai yadda aka ɗauka ba. Ƙwaƙwalwa gwana ce wajen saita ma'auni, amma sake shimfiɗa hanyoyinta abu ne mai wuya.

Akwai magani?

A 2009 Jay Neitz da Maureen Neitz da tawagarsu suka wallafa sakamakon gwaji kan wasu birai biyu na Kudancin Amurka, irin waɗanda mazansu duka ba sa bambance ja da kore. An yi musu allurar ƙwayar gadon ja ta ɗan Adam a ƙarƙashin ratina. Bayan kimanin mako 20 suka fara cin gwajin da a da suke faɗuwa, alhali manya ne, ba jarirai ba. Wani daga cikinsu sunansa Dalton. Wannan ya nuna cewa ƙwaƙwalwar babba tana iya amfani da sabon shaida idan aka kawo mata shi.

Ga mutane, an fara gwajin irin wannan magani kan rukuni na uku a Jamus da Birtaniya. Amfanin da aka gani a manya kaɗan ne. A Landan kuma, wani rahoto na 2022 ya nuna sabon saƙon ƙwayoyin launi a ƙwaƙwalwar yara biyu daga cikin huɗu da aka yi wa. Makantar ja da kore kuwa har yanzu ba ta da maganin da aka amince da shi.

Tabarau masu launi da ake tallatawa a intanet, irin su EnChroma, suna tace wani yankin haske ne domin faɗaɗa tazarar ja da kore. Suna iya sa wasu launuka su ƙara fitowa, amma binciken Jami'ar Granada ta Sifaniya a 2018 ya gano cewa ba sa mai da ganin mutum irin na mai lafiyar ido. Wanda kuma ya ga launuka sun sauya masa daga baya, musamman a ido ɗaya, wannan ba gado ba ne. Ciwon suga, hawan jinin ido da wasu magunguna, ciki har da ethambutol na tarin fuka, suna iya jawo hakan, kuma yana bukatar ganin likitan ido da gaggawa.

Inda kimiyya ta haɗu da doka

Tantance ma'aikata ta hanyar launi ya samo ƙarfi ne bayan karon jiragen ƙasa biyu a Lagerlunda ta ƙasar Suwidin a 1875, inda mutum 9 suka mutu. Masani Frithiof Holmgren ya ɗora laifin kan makantar launi, ya fito da gwajin zaren ulu, ƙasashe suka bi sahu. A 2012 John Mollon da L. R. Cavonius suka sake bin takardun shari'ar, suka ce babu tabbatacciyar hujjar cewa ita ce sanadin haɗarin.

Gwajin da aka fi sani a yau, littafin nan mai lambobi a cikin ɗigo-ɗigo, likitan Japan Shinobu Ishihara ne ya fitar da shi a 1917. An tsara shi ne domin ya ƙwace duk alamomin da ƙwaƙwalwa ke dogara da su, don haka yana kama har mai rauni ɗan kaɗan. Amma ba ya faɗin zurfin raunin. Idan aka mai da shi alƙali na ƙarshe, za a kori wanda zai iya aikin tare da wanda ba zai iya ba.

Wasu ƙasashe sun gyara. Hukumar sufurin jiragen sama ta Birtaniya ta koma amfani da gwajin kwamfuta mai auna zurfin raunin, wanda ya buɗe wa masu rauni kaɗan ƙofar tuƙin jirgi. Japan ta cire gwajin launi daga binciken lafiyar dole na ɗaukar aiki a 2001. Indiya ta halatta wa masu rauni kaɗan da matsakaici lasisin tuƙi a 2020, sannan a 2022 Kotun Ƙolin ƙasar ta umarci babbar makarantar koyon fim ta gwamnati da ta daina rufe musu ƙofa.

Sauran gyaran ba ya bukatar kotu. Malamin da yaro ya zana masa ganye da ruwan ƙasa ya gwada idonsa kafin ya kira shi daƙiƙi. Matashin da ke burin aikin soja, jirgi ko lantarki ya nemi gwaji tun yana sakandare, ya kuma nemi a faɗa masa nau'in raunin da zurfinsa. Hukumomi da kafafen labarai kuma, wajen tsara akwatin zaɓe, taswirar sakamako ko jadawalin kasafin kuɗi, kada su bar launi shi kaɗai ya ɗauki saƙo: a haɗa shi da rubutu, alama ko siffa, a kuma fifita shuɗi da ruwan lemo a kan ja da kore.